Ajiyar Sunan Hassana

Apo, Abuja
Ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Gambo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rukayya da yara, da kasuwar Zuba da ƙudajenta. Na kira ka a waya har na gaji, ina ta bayani kana ta cewa "Amin, amin". Tunda kunnen nan naka ya riga ka yin ritaya, na koma wa biro da takarda. Direban da ke kawo lemo unguwarmu zai miƙa maka.

Ka san halin da ake ciki. Cikin Juwairiyya ya tsufa, ga ta can Alƙahira inda mijinta ke karatu, likita kuma ya hana ta hawa jirgi saboda jininta yana hawa. Haihuwar fari ce. Ni da na karɓi haihuwar rabin yaran Wuse da hannuwan nan, a ce 'yata mace tilo ta haihu a ƙasar mutane, babu mai dafa mata ruwan wanka, babu mai dama mata kunun kanwa? Mijin nata Aminullahi yaron kirki ne, amma ko shayi ya dafa sai ka yi bisimilla sau biyu.

Jiya na je ofishin fasfo da takarduna a jaka, kowace a cikin ledarta. Wata yarinya mai kaki ta karɓa, mai ladabi, ta baje su a tebur. Ta duba wannan, ta duba waccan, ta ɗago ta ce, "Mama, ku nawa ne za ku yi tafiyar?"

Na ce ni kaɗai ce.

Ta ce, "To ni dai mutum biyu nake gani."

Ta nuna mini da bakin biro. Katin ɗan ƙasa, da takardar aiki, da ta banki, duk Hassana Ɗangoggo. Takardar ƙaramar hukuma da ta shaidar shekaru, waɗanda kai ka je gida ka karɓo mini, Hussaina Ɗangoggo. Ta ce kwamfutarsu ba ta ɗora mutum biyu a kujera ɗaya.

Ba ta tsaya nan ba. A katin ɗan ƙasa har yanzu ina zaune a kwatas ɗin ma'aikata na Wuse, inda na bari tun da na ajiye aiki. A takardar da na cike kuwa na rubuta Apo. Sai ta ce, "Hassana tana Wuse, Hussaina tana Apo. Mama, suna dai zumunci ko?" Duk layin aka yi dariya. Ni ma na yi, don yarinyar ba da mugunta ta faɗa ba. Sai da na fito na zauna a benci ina jiran tasi, dariyar ta ƙare mini. Tasi uku suka wuce ni.

Gambo, kai da ka san a littafin gwamnati Hassana nake tun aji ɗaya, me ya hau kanka? Ka tsufa ne, ko ayaba ce ta cika maka kai? Ka rubuto mini yadda za a yi, don lokaci ba ya jiran mai ciki.

Abarbar da ka aiko wancan makon tsami gare ta. Na dai ci.

Ka gaida Rukayya.

Yayarka,
Hussaina


Zuba
Ranar Alhamis

Zuwa ga Yaya Hussaina,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na karanta ta a tsakanin motar kankana da motar lemo. Muna lafiya. Kunnena kuwa ba ritaya ya yi ba, zaɓe ya koya: abin da ya ga dama shi yake ji.

Yaya, ki yi mini adalci. Da na je gida, dagaci ya ɗauki biro ya ce, "Wace ce daga cikin 'ya'yan Malam Ɗangoggo?" Me kike so in ce? Bakina bai san wani suna ba. Tun ina tsirara nake cewa Yaya Hussaina. Shi ma dagacin bai ko ɗago kai ba ya rubuta, har yana tambayar ko har yanzu kina jifan mangwaro da hagu. Ba mu yi kuskure ba, gaskiya ce ta kufce mana.

Na yi tambaya. Akwai Oga Zacharias da ke sayen kankana a wurina duk Asabar, a kotu ya yi aiki har ya tsufa. Ya bubbuga kankana ya fi goma kafin ya ba ni amsa, kamar a cikinsu dokar take. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, in koma gida a sake takardun nan biyu da sunan Hassana, komai ya zama ɗaya, ki hau jirginki. Ta biyu, ki je kotu ki yi rantsuwa cewa Hassana da Hussaina duk ke ce, su buga hatimi, ki haɗa da sauran takardu. Ya ce mutane na yi kullum, ko zama ba a yi.

Ni dai a shirye nake. Motar Katsina ba ta ƙarewa a Zuba. Ki ce "je ka", in tafi.

Maganar adireshi kuwa, ya ce ki karɓi takarda daga mai gidan da kike haya, da takardar kuɗin wuta, ki kai a gyara a katinki. Na ce masa, Oga, gidan yayata ba shi da lamba. Duk wanda zai je wurinta cewa ake, ka wuce inda ake sayar da ƙofofin mota, ka bi ta gefen mai walda, in ka ga mataccen tirela da kaji a cikinsa to ka iso. Ya ce gwamnati ba ta karɓar kaji a matsayin shaida. Ki gani ko Nicholas, makaniken da kike haya a wurinsa, zai iya samar wa gidan nasa lamba, tunda ya iya ɗora injin wata mota a cikin wata.

Kada ki sa abin nan a ranki. Takarda ce, mu muka rubuta ta, ba ita ta rubuta mu ba.

Abarba kuwa kin yi gaggawar yankawa ne. Kullum sai na ce ki bar ta ta kwana biyu. Ga wata nan, ki yi mata haƙuri.

Rukayya tana gaishe ki.

Ƙanenki,
Gambo


Apo
Ranar Laraba

Gambo,

Salamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Kada ka je gida. Ajiye jakarka ka karanta.

Bari in fara da mai sauƙin. Na gaya wa Nicholas gwamnati na neman lambar gidansa. Ya ce, "Mama, wannan ne matsala?" Ya ɗauko fentin mota ya zana bakwai a ƙofa, ƙatuwa, ja wur. Da gari ya waye, maƙwabcinmu na hagu ya ga ta yi kyau, shi ma ya zana bakwai. Sai da mai unguwa ya zo ya ƙirga gidajen tun daga bakin titi, ya raba wa kowa tasa, ya ba ni takarda da sa hannunsa. Yanzu ina da adireshi, kajin ma sun samu.

Sai kotu. Magdalena ce ta raka ni, ka san ta, wadda muka yi aikin ungozoma tare a Wuse, mai kawo mana acca da Kirsimeti. Akawun ya buga takarda a kwamfuta, ya ce in tsaya in maimaita abin da zai karanta. Ya ce, "Na rantse da Allah cewa Hassana Ɗangoggo da Hussaina Ɗangoggo mutum ɗaya ce."

Gambo, na tsaya ina kallon takardar.

Ya sake karantawa a hankali, yana zaton irin kunnenka gare ni. Na ce, "Ɗana, ba mutum ɗaya ba ce."

Ya ce, "Hajiya, ai haka ake rubutawa."

Na ce, "Ita tana da wushirya, ni ba ni da ita. Ita ke son ƙanzo, ni saman tuwo nake ci. Ita ba ta tsoron kare. Yaya zan kira sunan Allah in ce mutum ɗaya ce?"

Magdalena ta ja mini mayafi ta ce, "Sista Hassana, ka sa hannu kawai mu tafi, rana yana zafi." Na ja ta muka fito. A gindin wata bishiya, wajen mai gasa masara, na gaya mata ko wace ce Hassana. Shekara talatin tana kirana da sunan, ba ta taɓa sanin yana da mai shi ba. Ta yi kuka har mai masara ya ba mu kujerarsa.

Hanyarka ta farko ma ba zan bi ba. Dagacin nan yana cikin yaran da suka bi makarar Hassana har bakin maƙabarta, ba zan sa shi ya sa hannu cewa tana raye ba. Kuma ka yi tunani: tafiya ce ta sama, ni kuma ba yarinya ba. In Allah Ya karɓi raina a can, sai a rubuta Hassana ta rasu. Ta mutu sau biyu ke nan, ni kuwa ko zuwa duniyar ban yi ba.

Akawun ya biyo mu waje, Allah Ya yi masa albarka. Ya ce akwai hanya ta uku: in yi rantsuwar sauya suna, in ajiye Hassana gaba ɗaya, a buga a jarida, a gyara katin ɗan ƙasa da banki da fansho, in zama Hussaina a ko'ina. Ya ce babu ƙarya a ciki, sai dai tana cin lokaci.

Babu ƙarya, na sani. Amma Gambo, a takardun nan kaɗai ta girma. A nan ta gama makaranta, ta yi aiki, ta yi furfura. Duk wata in waya ta yi ƙara an turo fansho, sunanta nake gani, sai in ce, kin ga, mun kai. In na goge shi, da hannuna na sake binne ta. Inna ce ta ba ni riƙo, ba ta kuwa dawo ta ce in saki ba.

Ga ni nan dai a tsakiya. Na haɗa kanwa da yaji a jaka, jakar tana kallona ina kallonta.

Kada ka gaya wa Juwairiyya. Na ce mata layi ne ya yi yawa. Jininta ba ya son labari.

Yayarka,
Hussaina


Zuba
Ranar Juma'a

Zuwa ga 'yata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Kawunki Gambo ne. Yaya nauyin jiki? Yaya mai gidan da karatu? Goggonki Rukayya za ta ɗauki hoton takardar nan da wayarta ta turo miki, in kin ga yatsa a gefe nata ne.

Ki zauna kafin ki karanta. Ki sa Aminullahi ya ɗaura miki abin awon jinin nan a hannu, in ya ga allura ta tashi ya ƙwace wayar. Mamanki ta ce kada in gaya miki. Ni kuwa kin san ba na ji sosai. A rubuce ta faɗa, gaskiya ne, amma idon ma ya fara bin sahun kunnen.

Ba layi ne ya hana ta fasfo ba. Suna ne. Ke kin tashi kina jin ana ce mata Sista Hassana a asibiti, Hussaina a gida, kin ɗauka sunan aiki ne kamar yadda ake ce mini Sarkin Ayaba. To ba haka ba ne. Tagwaye ne su, ita da Hassana, shi ya sa ma nake Gambo, don ni na biyo bayansu. Abin da ba a zaunar da ke aka gaya miki ba ke nan, ga kuma sauran.

A garinmu tagwaye ba a raba musu komai. In an saya wa ɗaya ɗankwali sai an saya wa ɗayar, in ba haka ba, a cewar tsofaffi, tukunyar gidan ba za ta tafasa ba. Sai ga boko ya zo, aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya. Ɗaya tak. Aka rubuta Hassana, don ita ce babba da 'yan mintoci. Karo na farko ke nan da aka ba ɗaya abu aka hana ɗaya. Mamanki ba ta yi kuka ba. Kullum sai ta raka ta, ta zauna a ƙarƙashin tagar aji har a tashi. In sun dawo, Hassana ta share ƙasa a tsakar gida ta rubuta mata abin da aka koya, tana dukan ta da tsinke wai ita malama. Ni kuma aikina in bi in taka rubutun.

Ba ta gama aji ɗaya ba ƙyanda ta shigo gari. Su biyun suka kwanta a tabarma ɗaya. Ɗaya ta tashi.

Bayan an share makoki, wata safiya Inna ta wanke yunifom ɗin, ta shanya, ta kira mamanki ta sa mata. Daidai ya yi mata, dama jikinsu ɗaya. Ta ɗaura mata ɗankwali ta ce, "Je ki riƙe wa 'yar'uwarki kujerarta." Iyakar abin da ta ce ke nan.

Na bi ta a baya, na leƙa ta tagar da take zama. Malamin baƙo ne, mutumin Filato, mai tabarau. Yana kiran suna yana kiran suna har ya iso kan Hassana Ɗangoggo, sai ya tsaya, don ya je gaisuwar mutuwar. Ya ɗaga biro zai ja layi. Sai aka ji 'yar murya daga benci na biyu: "Firazan sa." Ya dube ta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya mayar, ya yi alamar ta zo, ya kira na gaba.

Ba wanda aka yaudara, kin gane. Duk garin an sani. Kawai ba a sami mai ƙarfin zuciyar jan layin nan ba. Daga wannan rajista sunan ya bi ta sakandare, ya bi ta makarantar ungozoma, ya bi ta Abuja. Inna kuwa har ta rasu, in za ta saya wa mamanki zane biyu take saye, ta ba da ɗaya sadaka.

Yanzu an ce ko ta rantse su biyun mutum ɗaya ne, ko ta goge Hassana. Ta kasa duka biyun, ta zauna tana kallon jaka. Ni na yi iya wayona, na ayaba ne, bai kai nan ba. Ke 'yarta ce, wataƙila ke kin san ƙofar.

Allah Ya sauke ki lafiya. In namiji ne, ina da suna mai kyau da ba a cika nema ba, ya fara da G.

Kawunki,
Gambo


Alƙahira
Ranar Lahadi

Mamana,

Assalamu alaikum. Ina kwana, Mama? Da hannu na rubuta wannan, don in na kira ki za ki ce "lafiya lau, layi ne" ki kashe waya. Jinina lafiya, an auna kafin in karanta takardar Kawu, an auna bayan na gama. Kuka dai na yi, shi kuma ba ya cikin abin da likita ya hana. Kada ki yi wa Kawu faɗa da yawa. Ki yi masa kaɗan.

Mama, duk shekarun nan ina zuwa asibiti bayan makaranta, ina jin ana "Sista Hassana, zo ga kai ya fito", kina tashi da gudu. Ashe ku biyu ne kuke gudun. Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba? Da na san ina da wata uwar, da na riƙa sa ta a addu'a da sunanta.

Na yi ta juya maganar Inna. Cewa ta yi ki riƙe mata kujera. Wanda aka ce ya riƙe kujera ai jira yake a zo a zauna. Kin riƙe shekara kusan sittin, ba ki tashi ko sau ɗaya ba.

To mai kujerar tana hanya. An duba, mace ce. Da ma mun ɓoye ne don mu ba ki mamaki. Mun yi magana da babanta, ban ma gama ba ya ce ya yarda. In Allah Ya kawo ta lafiya, sunanta Hassana. Ba gogewa za ki yi a kotu ba, Mama, saukewa za ki yi don ki miƙo mata. Ita za a rubuta wa shi a takardar haihuwa, da rajistar makaranta, da fasfo, nata na kanta.

Amma ni ba zan karɓa ta waya ba. Ke aka ba ajiya, ke za ki kawo da ƙafarki.

Kuma ina son uwata ta zo mini da sunan da kakata ta raɗa mata. Za mu aiko da takardar gayyata don biza, an bar wurin suna babu komai. Ki gaya mini abin da zan rubuta.

Ki taho da daddawa. Komai akwai a garin nan ban da abin da mutum yake so.

Ki gaida Anti Magdalena.

'Yarki,
Juwairiyya


Apo
Ranar Litinin

Gambo, bakin ganga,

Salamu alaikum. An ce in yi maka faɗa kaɗan, to ga shi: ba ka da sirri, ba ka taɓa yi ba, tun ranar da ka gaya wa Baba ni na fasa tulu. Shi ke nan, na gama. Allah Ya yi maka albarka.

Na kwana biyu da takardar yarinyar nan a ƙarƙashin filo. Sannan na yi alwala na kira Magdalena muka koma kotu. Akawun nan ne dai. Ya karanta, na maimaita: ni da aka sani da Hassana Ɗangoggo, daga yau Hussaina Ɗangoggo nake. Da na zo sa hannu, hannun ya tafi zai yi irin wanda ya saba, sai da na riƙe shi da ɗayan. Magdalena ta sa hannu a matsayin shaida, ta ce, "To yanzu me zan kira ka?" Na ce ta kira abin da bakinta ya ba ta. Tun daga nan "Sista Ha... Hu..." take yi, kamar mai shirin atishawa.

An buga a jarida. Ɗan akwati ne ƙarami, a tsakiyar amare masu komawa sunan miji. Magdalena ta sayo guda biyar, ta ce ko na aure ba ta ga an yi wa mutum irin wannan ba.

Daga nan na yi ta zarya: ofishin katin ɗan ƙasa, banki, wajen fansho. Yau babu sabis, gobe mai hatimi ya je ta'aziyya. Da katin ya fito da suna ɗaya da adireshi ɗaya, na koma ofishin fasfo. Yarinyar nan mai kaki ta gane ni. Ta duba ta ce, "Mama, yau ke kaɗai ce?" Na ce, "Ɗayar ta riga ni tafiya, can za mu haɗu." Ta ce Allah Ya kiyaye hanya. Injin ɗaukar yatsa ya ƙi karɓar nawa, wai zanen ya goge. Na ce sabulun asibiti ne ya cinye shi. Sai da na goga a goshi ya yarda.

Sun ce in jira saƙo. Ga abin da ya sa na rubuto: jiya Aminullahi ya kira, an kwantar da Juwairiyya a asibiti, jinin ya sake hawa, wataƙila ba za su jira watan ya cika ba. Gambo, da na rantse tun ranar farko da yanzu ina gefenta. Ban yi nadama ba, amma ba na iya cin abinci.

Ka aiko mini da tsamiya da gero mai kyau, da busasshen ganyen darbejiya. Ka sa a yi addu'a a masallacin kasuwa.

Yayarka,
Hussaina


Zuba
Ranar Laraba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ga tsamiya, ga gero, ga ganye. In masu binciken jirgi sun tambaya, ki ce shayin tsofaffi ne. An yi addu'a bayan Azahar, har direbobin tirela sun ɗaga hannu, kin san su ba su cika ɗagawa ba sai za su zagi mutum.

Ba ki yi latti ba. Abin da za ki kai mata ba a ɗaukarsa da gaggawa.

Jiya ina shimfiɗa wa ayaba tsohuwar jarida, sai ga sunanki. Hussaina Ɗangoggo, da baƙin inji. Ban taɓa ganinsa a buge ba. Na cire shafin na ninke na sa a aljihun gaba. Ayabar ta kwana a ƙasa, ba ta mutu ba.

Ki ci abinci. Ga abarba nan, wannan na ɗanɗana 'yar'uwarta.

Ƙanenki,
Gambo


Alƙahira
Ranar Asabar

Zuwa ga ƙanena Gambo,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya. Ban riski haihuwar ba, ina layin biza aka yi. Amma na iso ana gobe suna. Uwa lafiya, jinin ya sauka, 'ya lafiya, 'yar mitsitsiya da ita, ga murya. Na dafa ruwa, na dama kunu. Maƙwabta sun fito suna tambayar me ke ƙonewa, daddawa ce.

A filin jirginmu wani ma'aikaci ya yi ta kiran "Hussaina Ɗangoggo", ina zaune ina tausayin matar da ba ta ji. Sai da ta kusa da ni ta taɓa ni.

An raɗa suna. Iyayen ba za su iya faɗarsa ba, ga kunyar 'yar fari ga ta mai sunan, don haka Muhibba suke ce mata. Na ce to, mun fara ke nan. Na sa Aminullahi ya kawo takardar haihuwar na duba da tabarau, suna ɗaya ne a ciki.

Da mutane suka watse aka bar ni da ita, sai na tuna wani abu. Tun ranar da Inna ta sa mini yunifom ɗin nan nake amsa sunan nan, ban sake kiransa ba ko sau ɗaya.

Na ɗauke ta na ce, "Hassana."

Gambo, ta buɗe ido.

Ka gaida Rukayya.

Yayarka,
Hussaina